Tsallen Farko A Kan Allon Taya: Tsakanin Koyo Da Ganganci



  

Zancenmu na yau a kan wasa ne, wasan wani katako mai tayoyi huɗu da Turawa ke kira siketbod, wanda ni zan riƙa kiransa allon taya domin sauƙin faɗi. Na san wani mai karatu zai ce, duk matsalolin da suka dabaibaye mu a rasa abin tattaunawa sai wannan? Uzurina shi ne, ƙannenmu na Barnawa da Kakuri da Makera da Nasarawa sun riga sun ga wannan wasa a cikin wayoyinsu, sun kalle shi sun sake kallo, kuma abin da ya shiga idon yaro ya kwanta masa a rai, shirun manya ba ya fitar da shi. Idan ba a yi masa bayani ba zai je ya gwada da kansa, a inda ya ga dama, da irin kayan da ya samu, kuma abin da zai sa a caca shi ne ƙashinsa da kansa, wani lokacin ma ransa.

Ra'ayina a kan lamarin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da yake son ya koyi tsallen farko a kan allon taya a bar shi ya koya, a kuma taimaka masa ya koya a kan ƙa'ida, a wurin da ya dace. Dalilina kuwa yana cikin tsallen kansa, domin tsalle ne da ba ya samuwa da ƙarfin hali kawai, ba ya samuwa da kuɗi, kuma babu wanda zai yi wa wani. Wanda ya ɗauki hanyar koyonsa da gaske, ita hanyar da kanta za ta janye shi daga kan babban titi, inda haɗarin yake.

Sunan wannan tsalle oli. Shi ne mutum yana tsaye a kan allo ya tashi sama, allon ya bi shi kamar an manna masa shi a tafin ƙafa, alhali babu igiya, babu maɗauri, kuma bai sa hannu ba. Ya samo sunansa daga laƙabin wani matashi ɗan jihar Fulorida ta Amurka, Alan Gelfand, wanda abokansa ke kira Ollie. Wajajen shekarar 1978 ne aka san shi da tashi sama ba tare da riƙe allo ba, amma shi a jikin gangaren siminti mai siffar kwano yake yi, inda gudu da lanƙwasar bango ke taimaka masa. Sai a 1982 wani ɗan jihar tasu, Rodney Mullen, ya nuna wa duniya cewa za a iya yin haka a miƙaƙƙiyar ƙasa, babu gangare babu tudu. Daga nan wasan ya sauya kama gaba ɗaya, ya fito daga filaye na musamman ya shiga lungu da saƙo, domin duk wata dabara da ake gani a yau, ta juya allo a iska ko hawa kan ƙarfe ko tsallake matattakala, a kan wannan tsalle aka gina ta. A 2011 wani mai suna Aldrin Garcia ya tsallake shinge mai tsayin inci 45, wato sama da mita ɗaya, daga miƙaƙƙiyar ƙasa. Amma mai koyo ya cire wannan daga ransa. Ranar da tayoyinsa huɗu suka bar ƙasa da faɗin yatsu biyu, ya kuma sauko a kan allon da ƙafafunsa biyu, ranar ya yi oli.

A wurinmu ma tsallen ya fi zama buƙata fiye da ado. Tayar allon ƙarama ce, faɗinta bai wuce milimita 52 zuwa 54 ba a mafi yawan alluna, kuma tauri gare ta. Tsakuwa ɗaya mai girman ƙwayar gyaɗa tana iya tsayar da ita cak, allo ya tsaya, mutum kuwa ya ci gaba da tafiya a iska. Wanda ya san unguwanninmu ya san abin da ke shimfiɗe a ƙasa: tsagar siminti, bakin kwalbati, ramin da ruwan damina ya haƙa, dakalin gefen titi, yashin da aka sauke don gini aka bar ragowarsa. Wanda bai iya ɗaga allonsa ba, duk taku goma sai ya sauka ya ɗauke shi a hannu, ko kuma ƙasa ta sauke shi ba da shiri ba.

To yaya abin yake faruwa, tunda ba sihiri ba ne? A nan nake son mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni, domin fahimtar wannan ita ce rabin koyon.

Allon yana da goshi da wutsiya, dukkansu sun ɗan tanƙwaro sama. Samansa an lulluɓe shi da baƙar takarda mai kaushi kamar samfefa. Mai tsalle yana ɗora ƙafarsa ta baya a kan wutsiya, da tudun tafin ƙafa na bayan yatsu, diddige a sake. Ƙafar gaba kuma tana zama a ɗan bayan notunan da suka riƙe tayoyin gaba, kusa da tsakiyar allo. Sai ya durƙusa, nauyinsa a tsakiya, kafaɗunsa a miƙe daidai da tsawon allon. Daga nan sai ya yunƙura sama, kuma a cikin wannan yunƙurin ne ƙafar baya ke harba wutsiya ƙasa da sauri. Duk wanda ya taɓa taka bakin fartanya ƙotarta ta taso masa ya san abin da zai biyo baya: an danne gefe ɗaya, ɗaya gefen ya tashi. Tayoyin baya su ne madogara, goshi ya yi sama. Wutsiya tana bugun siminti sai ta yi tsalle ta dawo, domin katakon yana da ɗan tauri mai mayar da bugu, kuma a wannan ƙiftawar ido allon duka ya bar ƙasa, sai dai a tsaye yake, goshi sama wutsiya ƙasa.

Aikin ƙafar gaba ke nan ya zo. Mai tsalle zai karkata idon sawunsa, gefen takalminsa na waje ya goga a jikin takardar nan mai kaushi, ya ja shi sama zuwa goshi, sannan ya ɗan tura gaba. Wannan gugar ita ke jan allon sama, turawar kuma ita ke kwantar da goshi ta ɗago wutsiya, allon ya daidaita a iska. Amma wutsiya ba za ta tashi ba muddin ƙafar baya tana kanta a miƙe, don haka wajibi ne gwiwar baya ta naɗo zuwa ƙirji ta ba allo hanya. Sai saukowa, ƙafafu a kan notuna, gaba da baya, gwiwoyi a lanƙwashe su shanye nauyi. Wanda ya sauko a tsakiyar allo ko a kan wutsiya da dukkan nauyinsa, wata rana zai ji ƙarar karyewar katako.

Duk wannan bayani da ya ci mana sakin layi biyu, a aikace bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Nan ne wahalar take. Kai ya gane, amma ƙafa ba ta gane ba tukuna, kuma ita ƙafa ba ta jin bayani, maimaici kawai take ji.

Kura-kuran mai koyo sanannu ne, kusan kowa ta cikinsu yake bi. Mafi yawa shi ne mutum ya buga wutsiya amma ya manta bai yi tsalle ba, ya tsaya yana danne da allon da yake son ya tashi. Wani kuma zai juya kafaɗarsa yana son ya fuskanci gaba, sai allon ya bi kafaɗar ya karkace, domin ƙafa tana bin inda ƙirji ya nufa. Wani nauyinsa zai koma baya, allo ya sulale gaba kamar an harba shi, shi kuma ya zauna daɓas a ƙasa. Akwai kuma wanda komai nasa ya yi daidai, sai a wajen saukowa ƙafa ɗaya ta gudu ta taka ƙasa, ta bar 'yar uwarta a kan allo. Wannan na ƙarshe ba matsalar dabara ba ce, tsoro ne, kuma tsoron yana da hujja. Jiki ne yake cewa bai amince da abin da ke ƙarƙashinsa ba tukuna. Maganinsa a rage tsayin da ake nema, a koma inda faɗuwa ba ta da zafi, har jiki ya saki.

Shi ya sa nake ganin babban kuskure ne yaro ya sayi allo yau, gobe ya fara neman oli. Da rarrafe yaro kan tashi. Ya fara sanin wace ƙafa ce tasa ta gaba, domin wasu hagu suke gabatarwa wasu dama, kuma babu wanda ya fi wani. Ya koyi tura allo da ƙafar baya, ya koyi karkata dama da hagu, ya koyi tsayawa ta hanyar jan ƙafa a ƙasa, ya yi makonni yana yawo a fili har tsayuwa a kan allo ta zame masa kamar tsayuwa a tsakar gida. Ya koyi faɗuwa ma, domin faɗuwa ilimi ce: kada ya tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu, nan ne wuyan hannu ke karyewa, ya naɗe jikinsa ya mirgina ta kafaɗa. Bayan wannan sai ya kai allon kan ciyawa ko tsohuwar darduma inda tayoyi ba za su gangara ba, ko ya dafa ƙarfen shinge, ya yi ta buga wutsiya yana jan ƙafa. Idan hakan ta zauna, sai ya gwada yana tafiya a hankali. Ya ja layi da gawayi a ƙasa ya tsallake. Ya sa tsinken tsintsiya, sannan sandar tsintsiya, sannan silifas, sannan bulo a kwance, kowane mataki sai ya zama yana samunsa fiye da yadda yake kuskurensa kafin ya wuce gaba.

Wani zai samu cikin makonni, wani sai ya yi watanni. Bidiyon da ake gani a TikTok da YouTube ba ya nuna wannan. Yana nuna daƙiƙa goma na nasara, an yanke awoyin faɗuwa da ƙwauri mai jini da takalmin da ya yage an zubar. Yaro ya kalla, ya gwada sau ashirin bai samu ba, ya yanke hukunci cewa shi ba shi da baiwa, ko kuma, abin da ya fi muni, ya nemi wata hanyar burge mutane wadda ba ta buƙatar koyo. Mu kuwa da muka tashi a gaban wani allon, na makaranta, bai kamata maimaici ya zame mana baƙo ba. Mun san yadda ake biya layi ɗaya tun safe har hantsi, a wanke a sake rubutawa, a yi tishi da dare, har abin da harshe ke tuntuɓe a kansa jiya ya zama yana fita ba tare da tunani ba. Ba ina haɗa darajar allunan biyu ba ne, Allah Ya kiyaye, hanyar da jikin ɗan Adam ke karɓar abu ita ce dai guda ɗaya.

Yanzu bari mu zo ga waccan hanyar da ba ta buƙatar koyo. A manyan biranen ƙasar nan ba sabon abu ba ne a ga saurayi da takalmin taya ya maƙale a bayan Keke Napep ko bas ko tifa, mota tana jansa, yana waige yana neman wanda zai tafa masa. Ina tsoron kada mai allon taya ya ɗauki wannan a matsayin abin koyi. Dubi hanyar Kachia, daga Kakuri ta bi Television ta wuce Sabon Tasha har zuwa wajen matatar mai, dubi irin tankoki da tireloli da ke bin ta. Dubi hanyar Abuja ta Gonin Gora, ko titin Nnamdi Azikiwe da ya zagaye gari ta yamma. Direban babbar mota ba ya ganin wanda ke laɓe a bayansa. Allon taya ba shi da birki. Idan gudu ya wuce ƙima, tayoyin sukan fara rawa dama da hagu, rawar tana ƙaruwa har ta watsar da mutum, kuma ga tsakuwar nan da muka ambata tana jira. Wanda ya faɗi a fili zai tashi ya karkaɗe wando. Wanda ya faɗi a hanyar Kachia akwai wata motar a bayansa. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Wannan ba jarumta ba ce, ganganci ne, kuma mu Musulmi mun san cewa jikin nan amana ce a hannunmu, mun kuma san hanya tana da haƙƙi. Direban da ya take yaron da bai gani ba, shi ma an zalunce shi, an ɗora masa nauyin da zai kwana da shi har ƙarshen rayuwarsa. Abin lura shi ne, maƙalewa a bayan mota ba ta buƙatar kwana ɗaya na horo, duk wanda ya rufe ido zai iya. Oli kuwa tana tilasta wa mai nemanta ya nemi wuri mai santsi, mai shiru, wanda babu mota, ya zauna a nan watanni. Uban da ya hana ɗansa koyon tsalle a farfajiyar gida yana zaton ya kare shi, mai yiwuwa tura shi ya yi inda idonsa ba ya kaiwa.

Na san abin da iyayenmu za su ce, kuma ba duka ne za a yi watsi da shi ba. Za su ce wasan Turawa ne, ba namu ba. Gaskiya ne a Kalifoniya ya tashi, a hannun masu hawa igiyar ruwan teku da ke neman abin yi ranar da teku ta kwanta, kuma sai da wani Frank Nasworthy ya fito da tayar roba a farkon shekarun 1970 sannan wasan ya bunƙasa. Amma katako a kan ƙananan tayoyi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Da yawa daga cikin yayyenmu sun je wurin makanikai sun roƙi tsohon boris sun haɗa keken katako sun gangara da shi a lungu. Yaran da suka taso suna yin langa da ƙafa ɗaya ba su buƙatar Bature ya koya musu daidaita jiki. Abin da ya fi wannan ma, 'yan uwanmu da cutar shan inna ta naƙasa sun daɗe suna zirga-zirga a kan irin wannan katako, har a 1988 Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano, ya ƙirƙiro musu wasan ƙwallo da ake bugawa da hannu ana zaune a kansa, wasan da ya yaɗu zuwa jihohi da dama har ya tsallaka ƙasashen maƙwabta. Ƙwallon ƙafa ma da muke cika filaye dominta daga Ingila ta zo. A gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021 aka fara saka allon taya cikin wasanni, inda wata yarinya 'yar Japan mai shekara 13, Momiji Nishiya, ta ci zinare, kuma ɗan ƙasarsu Yuto Horigome ya ci na maza, ya sake ci a Faris a 2024.

Inda maganar iyaye take da ƙarfi shi ne wajen abin da kan biyo wasan: cin lokaci, da kwaikwayon duk abin da aka gani a bidiyo na sutura da ɗabi'a, da abokan da ba a san su ba. Wannan gaskiya ce, amma ba a jikin katakon take ba. Dogon wando mai kauri ma shi ya fi dacewa da wasan, domin shi ke kare ƙwauri daga bugun allo. Wanda ya fita bayan la'asar ya san kiran magariba ne ƙarshen wasa, kamar yadda masu ƙwallo a unguwa suka sani. Wanda kuma ya bar karatu ko sana'a saboda allo, matsalarsa ta girmi allon, da bai same shi ba da wani abin zai samu.

Maganar kaya kuwa, kada a ruɗu da ƙananan allunan wasan yara da ake sayarwa a kasuwa, masu ƙarafan roba da katako mai laushi. Ba su mayar da bugu, don haka ba su tashi, kuma suna iya karyewa a ƙarƙashin saurayi. Allon gaske falle bakwai ne na itacen mafil da aka manne aka matse, faɗinsa wajen inci 8, ƙarafan da ke riƙe da tayoyinsa na ƙarfe ne sosai. Tsoho mai kyau daga gwanjo ya fi sabo na banza, kuma mutum uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, domin mai koyo yakan gaji cikin 'yan mintoci, hutunsa kuma shi ne lokacin ɗan uwansa. Ga ƙasa mai kaushi irin tamu, taya mai ɗan laushi ta fi haƙuri da tsakuwa. Takalmi ya zama mai shimfiɗaɗɗen ƙasa mai igiya, silifas da takalmin fata mai santsi hanyar zuwa wurin mai ɗori ne, kuma a sani gefen takalmin gaba zai cinye, haka abin yake. Hular kwano da abin kare wuyan hannu da gwiwa ba alamar tsoro ba ce. Targaɗe yana warkewa, karaya ana ɗora ta, bugun kai kuwa ba kullum ake dawowa daga gare shi yadda aka tafi ba. Sannan a kula da yanayin Kaduna: ruwan damina yana shiga katako ya kumbura shi ya kashe masa tauri, ya sa boris tsatsa, ƙurar hunturu kuma tana cika boris ɗin har taya ta daina juyawa. A ajiye allo a ɗaki, a riƙa goge shi.

Saura babbar tambaya, a ina za a koya? Ba a buƙatar wani katafaren fili. Shimfiɗar siminti mai santsi, taku goma sha biyar a tsaye goma a kwance, wadda mota ba ta shiga, ta wadatar da mai koyo shekara guda. Abin takaicin shi ne kudancin Kaduna yanki ne da aka gina shi a kan siminti. Tun zamanin Sardauna, lokacin da masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, aka yi ta kafa masana'antu a wannan yanki, su UNTL da Arewa Textiles da Nortex, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975. Dubban iyaye sun ci abinci a nan. KTL ta rufe a 2002, wasu suka bi bayanta, aka bar 'ya'yan ma'aikatan da unguwanni cike da jama'a da ƙarancin abin yi. Ba ina cewa yara su haura katangar kowa ba, wannan shiga haƙƙin mutane ne, kuma tsohon gini yana da nasa haɗarin. Abin da nake cewa shi ne, a yankin da yake da farfajiyoyin makarantu da filayen ƙwallon kwando da wuraren ajiye motoci da ke zama fayau a ƙarshen mako, neman izinin awa biyu a wuri ɗaya bai fi ƙarfin matasa biyar masu ladabi da dattijo ɗaya da zai shige musu gaba ba. A je wurin mai unguwa, a je wurin shugaban makaranta, a yi sallama a faɗi buƙata, a yi alkawarin share wuri da kiyaye lokaci, a kuma cika.

Wasu sun yi abin da ya fi haka da ƙasa da abin da muke da shi. A unguwar Kitintale ta birnin Kampala, a tsakiyar shekarun 2000, Jackson Mubiru da abokansa da hannunsu suka kwaɓa siminti suka gina wurin wasansu. A Kabul, wani ɗan Ostireliya mai suna Oliver Percovich ya fara da alluna ƙalilan a 2007, yara maza da mata suka taru a kansa, har abin ya zama makarantar Skateistan da aka buɗe a 2009, inda aka haɗa wasa da karatu. A Akara an buɗe filin Freedom a ƙarshen 2021. A Legas ma matasan ƙungiyar Wafflesncream, wadda aka kafa a 2012, sun yi shekaru suna wasa a duk inda suka sami shimfiɗa mai santsi kafin kowa ya ɗauke su da muhimmanci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zauna jiran gwamnati kafin ya fara.

Akwai wani abu kuma da ya keɓanta da garinmu, wanda ba zan wuce ban taɓa shi ba. Rikice-rikicen 2000 da 2002 da 2011 sun mayar da kogin Kaduna kamar iyaka, jama'a suka yi ta ƙaura, Musulmi suka fi yawa a arewa, Kirista suka fi yawa a kudu. An ƙara gina gadoji tun daga lokacin, har da wadda ta haɗa Kabala Costain da Barnawa, amma yaran da aka haifa bayan waɗannan shekaru da yawansu sun girma ba su taɓa yin wasa da ɗan ɗaya ɓangaren ba. Matashi Musulmi da ke zaune a Barnawa ko Kakuri ko Makera, idan ya fita neman wanda zai duba masa ƙafarsa ya gaya masa inda yake kuskure, mai yiwuwa wanda zai samu ɗan Narayi ne ko ɗan Sabon Tasha, mai yiwuwa sunansa ba irin namu ba ne. Ya karɓi gyaran, ya yi godiya, ya ba shi aron allo idan nasa ya karye. Masu wannan wasa 'yan kaɗan ne, ba su da yawan da za su rabu gida biyu, kuma mai koyo ba ya ganin kafaɗarsa lokacin da take juyawa, dole sai wani ya tsaya a gefe ya gani ya faɗa masa.

Ga wanda ya riga ya sami allo kuma ya sami wuri, ya tafi da tsintsiya. Kafin ya ɗora ƙafa ya share filin tsaf, ya tsince tsakuwa da ƙusa da fasasshiyar kwalba, ya duba notunan allonsa ko sun saki, ya ɗaure igiyar takalmi ya cusa bakinta ciki kada ta shiga taya. Kada ya fita shi kaɗai, domin idan aka bugu ana buƙatar wanda zai kira gida. Ya sa abokinsa ya ɗauke shi bidiyo daga gefe, waya a ƙasa daidai da tayoyi, su duba tare su ga ko gwiwar baya tana naɗowa ko tana nan a miƙe. Idan ƙafa ta fara nauyi, tsalle ya fara lalacewa bayan ya yi kyau, to gajiya ce ta shigo, kuma a cikin gajiya ake yawan jin ciwo. Ya sauka ya ɗauki allonsa, gobe ma rana ce.

Allah Ya tsare mana ƙannenmu a gida da kan hanya.